Wutar cek-injin da lambar P0456: murfin tanki za ka canja ko gwajin hayaki za ka biya?

Wata safiya cikin hunturun bara na tada mota zan kai yara makaranta, sai ga wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Motar ba ta canja murya ba, ba ta rage ƙarfi ba, ba ta ƙara shan mai ba. Da yamma na biya wajen wani rewaya ya sa ta a kwamfuta, ya juyo mini da fuskar na'urar: P0456. Ya danna ya goge, wuta ta mutu, na biya na tafi. Kwana tara tsakani ta dawo. Da na koma sai ya ce, "Alhaji, akwatin gawayin nan ne ya gaji, a sayo wani kawai a huta." Kuɗin da ya ambata ne ya sa na ce masa, "Malam, a dakata tukuna, ta yaya muka san shi ne?" Bai da amsa. Ni ma a lokacin ba ni da ita. Abin da na tattara daga baya shi ne nake so in shimfiɗa wa wanda ya tsinci kansa a wannan mararraba.

Fetur ba ya zama lafiya a cikin tanki. Ko mota na ajiye, zafin rana na sa shi fitar da tururi. Motocin da can suna barin tururin ya fice ta murfin tanki ya bi iska. Daga farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana haka, sai masu ƙera motoci suka rufe tankin ruf, suka ja tiyo daga samansa zuwa wani baƙin akwatin roba da aka cika da gawayi na musamman. Gawayin ya riƙe tururin, idan inji ya yi zafi ana tafiya sai ya zuƙe shi ya ƙona tare da sauran mai. Wannan tsari ne ake kira EVAP. Bawul biyu ne ke tsaron ƙofofinsa. Ɗaya yana gaba, kusa da inji, kanikawa na ce masa faj bawul. Shi a rufe yake kullum, sai ƙwaƙwalwar mota ta ba shi wuta yake buɗewa. Ɗayan yana baya, jikin akwatin gawayi ko kusa da shi. Shi kuma a buɗe yake kullum don tanki ya sha iska, ba ya rufewa sai lokacin gwaji. Akwai kuma ɗan sensa mai auna matsin iskar da ke cikin tanki. Ka riƙe wannan bambanci na bawul ɗin gaba da na baya, don rabin binciken a kansa ya rataya.

Daga motocin 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, aka kuma ɗora wa mota nauyin ta riƙa binciken kanta ko tururi na yoyo. Da farko ramin da ake so ta gano faɗinsa inci 0.040 ne, kusan milimita ɗaya. Daga wajajen 2000 hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta matse zuwa inci 0.020, rabin milimita, kamar kaurin siririyar allurar ɗinki. P0442 na nufin yoyo irin na farko, P0456 irin na biyu, P0455 babban yoyo, P0457 kuma a motocin da ke da ita tana nuna murfin tanki ne ba a ɗaure ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu Camry da Corolla da Accord da Highlander 'yan Amurka da Kanada suka fi kowa ganin waɗannan lambobi, alhali maƙwabcinsu mai 'yar Turai bai taɓa jin labarinsu ba. Dokar Turai ba ta tilasta wa mota neman irin wannan ɗan rami ba. Motarsa na iya yin yoyon, ba ta dai faɗa masa.

Abin da rewayan nan bai gaya mini ba shi ne lambar ba ta ambaci sunan wani kaya ba. Cewa kawai ta yi: na rufe ƙofofi, na gwada, iska na shiga ta wani wuri. Wurin na iya zama murfi, ko wuyan tanki, ko tiyo, ko ɗaya daga bawul biyun, ko jikin akwatin, ko robar da ke saman tanki. Tsofaffin motoci suna yin gwajin ana cikin tafiya: su rufe bawul ɗin baya, su bar inji ya zuƙi iskar tanki kaɗan, su rufe na gaba, su ga ko zuƙar za ta tsaya. Motocin kamfanin GM na Amurka da dama suna jira a kashe inji, su lura da yadda matsin ke sauka yayin da mai ke hucewa. Toyota kuwa daga tsakiyar shekarun 2000 ta sa wa motocinta na Amurka da yawa ɗan famfo a jikin akwatin gawayi, wanda ke tashi da kansa kimanin awa biyar bayan an kashe mota. Idan ka taɓa jin wani ɗan gunji a ƙarƙashin motarka da tsakar dare alhali makulli na aljihunka, shi ne, ba wata matsala ba ce.

Hanya mafi araha, kuma wadda aka fi bi, ita ce a goge lambar ko a ƙyale wutar. Gaskiya ce ramin rabin milimita ba zai lalata inji ba, ba zai tsayar da kai a hanyar Zariya ba, kuma man da ke ficewa ta nan bai kai wanda za ka gani a aljihunka ba, ko da tsadar da fetur ya yi tun cire tallafi a Mayun 2023. A jihohin Amurka da dama mota ba ta cin gwajin gurɓata iska na hukuma idan wutar nan na kunne, shi ya sa suke ɗaukarta da zafi. Damuwata ni daban ce. Wutar guda ɗaya ce tak, ita ce ke magana da yawun ɗaruruwan lambobi. Idan ka saba da ganinta a kunne saboda P0456, ranar da sensan salansa ya mutu ko inji ya fara shan iska fiye da ƙima ba abin da zai canja a gabanka. Masu cire ƙwan ko liƙe shi da baƙin salatif sun fi kowa cutar kansu, don sun rufe har da ƙyaftawar da take yi idan filogi na yanke wuta, wadda ita gargaɗi ne cewa a tsaya kafin katalis, wato matatar hayakin da ke jikin salansa, ya ƙone. Wanda ya zaɓi ya zauna da wutar na ɗan lokaci, aƙalla ya mallaki ɗan ELM327, wato ƙaramar na'urar karanta lamba da ake sawa a soket ɗin a haɗa da waya, ya riƙa leƙawa duk mako ko wata sabuwar lamba ta shigo. Amma idan akwai warin fetur, musamman a cikin mota ko bayan an cika tanki, maganar jira ta ƙare. Tururin fetur na kama wuta, kuma akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda shaƙarsa na tsawon lokaci ke jawo cutar daji.

Sai murfin tanki. Duk wanda ya san aikin nan zai fara da shi, kuma yana da hujja: shi kaɗai ne ɓangaren da ake buɗewa ana rufewa kullum, da hannun mutane daban-daban. Ka kwance shi ka juya shi a hasken rana. Akwai zoben roba a ƙarƙashinsa. Ka lanƙwasa shi kaɗan da farce. Idan ka ga tsage-tsage kamar tafkin da ya ƙafe, ko ya taurare ya daina komawa yadda yake, ya gama aiki. Ka duba leɓen wuyan tankin inda robar ke zama, ka shafa da yatsa. Ƙurar hunturu da ta haɗu da danshin mai tana yin wani ɓawo a wurin, tsumma mai tsabta ya isa ya cire shi. Wani lokaci igiyar da ke riƙe murfin ce ke maƙalewa a ƙarƙashinsa idan yaron gidan mai na sauri. Motocin da suka fito daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, irin su Mishigan da Niyok da Ontariyo, sau da yawa tsatsa ta riga ta ci leɓen ko ta huda wuyan daga ƙasa, kuma sabon murfi ba zai yi maganin wannan ba. Wasu motocin Ford daga wajajen 2009 ba su ma da murfi, wata 'yar ƙofa ce mai sifirin a bakin; su ƙasa ce ke hana ƙofar zama daidai, musamman idan an saba ɗura mata mai da mazurarin 'yan bumburutu a bakin titi maimakon wanda aka yi mata.

Idan za ka canja murfin, ka nemi na asali, ko sabo ko wanda aka ciro daga mota irin taka mai lafiyayyar roba. Murfin tanki ba marfin kwalba ba ne, akwai ɗan bawul a cikinsa da aka auna. Wanda aka yi don ya shiga kowace mota yakan ɗauru, ya yi ƙas-ƙas kamar gaske, amma ya bar ramin da ya fi rabin milimita. Mutum ya sa shi, wuta ta dawo, ya ce to ba murfi ba ne, ya wuce zuwa kaya masu tsada, alhali har yanzu murfin ne. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ana samun iri biyun, sai ka tafi da tsohon a hannu ka gwama robar da zaren.

Raunin wannan hanya shi ne jira. Mota ba ta yin gwajin kullum. Yawancinsu suna son mai ya kasance tsakanin kashi 15 da kashi 85 cikin ɗari na tanki, inji ya kwana ya huce, zafin gari kuma kada ya wuce wajen digiri 35. Ka auna wannan da rayuwarmu. Mutane da yawa yanzu ba sa wuce kwatan tanki, allura kullum tana lilo kusa da ja. A watan Afrilu kuma, a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, motar da aka ajiye da rana ba za ta ga digiri 35 ba sai dare ya yi nisa. Saboda haka ana iya goge lamba a yi makonni wuta ba ta dawo ba, ba don an warke ba, sai don motar ba ta sami damar sake tambaya ba. Ga kuma ƙa'idarta: sai gwaji ya faɗi sau biyu a jere take kunna wuta, sai ya ci sau uku a jere take kashe ta da kanta. Hanyar da za ka tabbatar ita ce ka zuba mai zuwa rabin tanki, ka bar shi a nan kwanaki, sannan ka duba a na'ura ko gwajin EVAP ya nuna an kammala. Idan ya kammala babu lamba, ka huta. Idan yana nuna bai shirya ba, ba ka san komai ba tukuna. Mai sayen mota ma ya riƙe wannan: idan ka sa na'ura ka ga duk gwaje-gwaje ba su shirya ba, an goge wani abu kwanan nan ko an cire batir. Motocin 2010 zuwa sama suna ajiye wata lamba ta dindindin da na'ura ba ta iya gogewa, sai motar da kanta ta gamsu.

Hanyar da na fi jin takaicinta ita ce canja kaya ɗaya bayan ɗaya. Yau bawul ɗin gaba, wata mai zuwa na baya, daga nan akwatin gawayi, daga nan sensa. Lalube ne cikin duhu, kuma kowane mataki sai ka jira mako ɗaya ko biyu kafin ka san ko ka dace. A motocin da ke da ɗan famfon nan, bawul ɗin baya da famfo da sensa duk a dunƙule suke wuri guda, sau da yawa tare da akwatin ake sayar da su, shi ya sa kuɗin ke da nauyi. Idan kuma Baljiyam ka saya, ka ɗauko kayan da ya yi shekara goma sha biyar a ƙarƙashin wata motar, ba wanda ya gwada shi, kana iya cire mai lafiya ka ɗaura marar lafiya. Sannan duk kwancewa da ɗaurawa a kan tiyo da kilif na roba da suka tsufa wata dama ce ta buɗe sabon rami. Akwatin gawayi yana lalacewa, ba na musun haka. Abin da ya fi kashe shi a wurinmu shi ne ɗabi'ar girgiza mota a gidan mai, famfo ya yanke a ce ƙara, ya sake yankewa a ce ƙara, har mai ya taru a wuya. Ruwan fetur ya gangara cikin gawayin da aka yi don tururi kawai, ya jiƙe shi, ya farfashe, ɓurɓushinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul ɗin gaba. Amma wannan ana iya gani da ido: a cire tiyon, idan baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, an sami hujja. Babu hujja, babu dalilin saye.

Tsakanin murfi da na'urar hayaki, wadda ke tura hayaki cikin tsarin don a ga inda yake fita, akwai wani mataki da ake yawan tsallakewa, alhali ba ya cin komai sai rabin awa da tocila. Bawul ɗin gaba yana da sauƙin kamawa. A cire soket ɗinsa, a cire tiyon da ke zuwa daga tanki, a tada mota a bar ta a silo, a ɗora yatsa a bakin. Tunda ba wuta a jikinsa, bai kamata ka ji komai ba. Idan ka ji yana tsotsar fatar yatsanka ko kaɗan, yana yoyo. Wanda ke da ɗan famfon hannu mai agogo zai fi samun tabbaci: ya zuƙe iska, ya zuba wa allura ido minti ɗaya, idan tana sauka to bawul ɗin bai rufe ba. Alamar da ke rakiyar wannan ciwo sananniya ce: mota ta yi wuyar tashi daidai bayan an sha mai, sai an taka totur, daga nan ta koma lafiya. Bawul ɗin baya kuma a ciro shi a ba shi wutar batir, ya kamata ya yi ƙas ya rufe, ka hura iska ta ƙi wucewa. Shi ne ke shan ƙurar hanya tunda a ƙasan mota yake kuma a buɗe yake kullum. Ƙwayar yashi ɗaya a kan robarsa ta isa ta kawo P0456. Idan kuwa toshewa ya yi, alamarsa daban ce: famfon gidan mai ya yi ta yankewa tanki bai cika ba, lambar kuma takan zama P0446.

Daga nan a hau rami a bi tiyo da ido da hannu, daga inji har tanki. A duba inda suka lanƙwasa, da bakin da suka shiga ƙarfe, da inda ɓera zai iya zama. A duba jikin akwatin ko dutse ya fasa shi. Idan motar mai hatsari ce aka sayo a gwanjo, kuma ta baya aka buge ta, a fi tsananta duba wajen wuyan tanki. Wannan mataki na kama abubuwa da dama, amma yana da iyaka. Ramin rabin milimita a saman tanki, inda hannu ba ya kai, ido ba zai gan shi ba.

A nan ne gwajin hayaki ya fi duk sauran. Na'urar tana dafa wani farin mai ya zama hayaki mai kauri, ta tura shi cikin tsarin a hankali, da matsin da bai wuce kusan rabin psi ba (psi shi ne ma'aunin da ake auna iskar taya da shi). Ana haɗa ta ta wani baki mai koren murfi da ke ƙarƙashin bonet a motoci da yawa, ko ta tiyon bawul ɗin gaba. Dole a rufe bawul ɗin baya tukuna, in ba haka ba hayakin zai fice ta nan kawai. Mai babbar kwamfuta irin Autel ko Launch, ko Techstream ga Toyota, yana ba shi umarni ya rufe. Wanda ba shi da ita yakan toshe bakin da roba, sai dai yin haka na ɓoye laifin bawul ɗin kansa, don haka sai an gwada shi daban. Na'ura mai kyau tana da wani gilashi da 'yar ƙwallo a ciki. Kafin ma a nemi hayaki, ƙwallon ce ke ba da labari: idan tsarin ya cika ta sauka ƙasa ta zauna, babu yoyo a wannan lokacin, idan ta tsaya tana reto a sama, iska na fita, kuma tsayin da ta tsaya na nuna girman ramin. Wannan kaɗai ya raba ta da duk hanyoyin da na ambata, domin bayan gyara ana iya maimaitawa nan take a ga ƙwallon ta zauna, ba sai an jira mako biyu ba.

Amma na'ura ba ta aiki da kanta, kuma na ga yadda ake ɓata gwajin. Hayakin da ke fita ta ramin allura siriri ne kamar zare. A fili, cikin rana da iskar hunturu, ba mai ganinsa. Ana bukatar inuwa, a kashe fanka, a haska tocila mai ƙarfi daga gefe, a yi haƙuri. Kada tanki ya kasance cike, kuma a bar mota ta huce, don man da ke da zafi yana tada nasa matsin ya rikita ƙwallon. A fara da buɗe murfin tanki har hayaki ya fito ta nan, alamar ya ratsa ko'ina, sannan a rufe. Gawayi yana tace hayaki, don haka wani lokaci sai an tura ta ɓangarori biyu. Idan ta bakin tanki aka haɗa na'urar, a tuna cewa murfin bai shiga gwajin ba. Idan bawul ɗin gaba ne ke yoyo, hayakin cikin inji zai shige ba a gani ba, sai an cire tiyon da ke bayansa. A riƙa motsa tiyo da soket ana kallon ƙwallon, don wata tsagar ba ta buɗewa sai an taɓa ta. Inda ƙwallo ta ce akwai yoyo amma ido ya kasa, ruwan sabulu a kan mahaɗai yana nuna kumfa, wasu mayukan hayakin kuma suna barin tabon da ke haske a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya yarda a yi wa motarsa. Wani zai ce ai ba sai na'ura ba, a kawo tiyon kwamfireson mai faci a hura tanki a saurari inda ke tsiyaya. Tayar mota tana ɗaukar wajen psi 32, ninki sittin da wani abu na matsin da ake gwada wannan tsari da shi, tukunyar kwamfireso kuma ta fi haka nesa. Ana iya kashe sensa, a fasa akwatin, a kumbura tanki, a tura fetur ya fito ta inda ba a zata ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Haka masu busa hayakin sigari ta tiyo, da masu haɗa tasu na'urar da gwangwanin fenti da wayar da ke yin ja. Iska da tururin fetur da zafi a wuri ɗaya su ne kayan haɗin gobara. Shi ya sa kamfanonin motoci da dama ke cewa a tura hayakin da iskar naitirojin, wadda ba ta ciyar da wuta. Kafin ka ba da makulli ka tambaya: "Oga, na'urarka ta EVAP ce, tana da ma'aunin matsi?" Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba, zai nuna maka agogon.

Wani lokaci hayaki ya ce babu komai, wuta kuma ta ci gaba da dawowa. Dalili na iya zama cewa na'ura turawa take yi, mota kuma zuƙa take yi, kuma akwai tsagar da ke rufewa idan an tura, ta buɗe idan an zuƙa. Roba ma na ƙanƙancewa da sanyin asuba ta koma daidai da rana. Ko kuma sensan ne ke ba da labarin ƙarya, ko bawul ɗin baya yana rufewa yau ya ƙi gobe. A nan babbar kwamfuta ce ke da amfani: a buɗe murfin tanki a ga ko sensa ya nuna matsin waje daidai, a rufe bawul ɗin baya a sa inji ya zuƙa, a kalli layin matsin yana hawa ko yana tsaye, a maimaita sau da yawa. Wannan aikin gwani ne, kuma ba kowa ke kaiwa nan ba.

Da za a tambaye ni yadda zan kashe kuɗina, ga yadda zan yi. Idan wutar ta kama kwana ɗaya ko biyu bayan shan mai, babu wari, babu wata lamba, murfi kawai zan duba in ɗaure, in sa rabin tanki in jira. Idan robar ta tsage, in sayi na asali. Idan mota na wuyar tashi bayan shan mai, ko P0441, wadda ke nuna matsala a zuƙar tururi zuwa inji, ta rako lambar, bawul ɗin gaba zan gwada kafin komai. Idan murfi lafiya, bawul biyu lafiya, wuta ta dawo karo na biyu, ba zan ƙara sayen ko kilif ba sai an yi hayaki, ko da sai na je wani gari neman mai na'urar. Kuɗin gwajin bai kai na akwatin gawayi ba, kuma shi kaɗai ne ke nuna maka wurin da yatsa. Idan akwai wari, ko an taɓa sauke tanki, ko an canja famfon mai kwanan nan, zan tsallake jiran in tafi hayaki kai tsaye.

Wannan na ƙarshen shi ne ya zama nawa. Na sami wani gareji mai na'urar, muka tura motar cikin rumfa, mai aikin ya rufe bawul ɗin baya da kwamfuta ya saki hayaki. Ƙwallo ta sauka ta tsaya kaɗan sama da ƙasa, ta ƙi zama. Ya bi ƙarƙashin motar da tocila har sau biyu bai ga komai ba. Sai ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, an taɓa canja maka famfon mai?" Na ce an yi, wata huɗu da suka wuce. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani faifan ƙarfe, ya haska. Ga zaren hayaki nan yana tashi a hankali daga gefen zoben da ke danne famfon. Wanda ya yi aikin farko ya mayar da tsohuwar robar, gefe ɗaya kuma ya naɗe a ƙarƙashin zoben. A kan wannan kujera yarana ke zama kullum. Aka sa sabuwar roba, aka ɗaure zoben daidai, aka sake sakin hayaki, ƙwallo ta sauka ta zauna. Na zuba mai zuwa rabin tanki na bar shi a nan, a safiya ta huɗu na haɗa wayata da soket ɗin na ga gwajin EVAP ya kammala, babu lamba ko ɗaya.